Shekarar da Na Nuna wa Arzika Furen Rojiya

Ruwan farko ya sauka mana bana da wuri. Mutane suka fita da sungumi suna murna, hatsi ya tsiro har ya yi kunne biyu, daga nan sama ta kame bakinta. Yau kwana goma sha bakwai ke nan. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo daga gabas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mu kwashe shanya, mu jera bokitai ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta karkata shi kudu wajen Kore Mairuwa, a bar mu da zufa da ƙamshin ruwan wasu.

Shekaranjiya wata Bafillata mai tallar nono ta shigo gidanmu nan Dutsi. Tana sauke ƙwarya na hango wasu saiwoyi uku ƙulle a bakin zanenta. Jikata Rabi ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

"Tsohuwa, mi ne ne wanga? Rogo ne ya kumbura?"

Na karɓa na duba. Rojiya ce, an tono ta har da kanta duka, ga guntun karan nan a tsakiya. Na tambayi mai nonon don me ba su bar mata kan a ƙasa ba. Ta yi dariya ta ce haka suka gan ta, haka suka tono ta. Na sa farce na ɓare bawon, na gatsa. Ruwan nan mai sanyi mai ɗan zaƙi ya cika mini baki, sai na ji ƙirjina ya yi irin bugun da na zaci ya ƙare tun ina budurwa.

Yaran yanzu ba su san rojiya ba, ko a da ma ba kowa ya san ta a tsaye ba. Makiyaya sun san saiwar, don tana kashe musu ƙishirwa a daji. Tsiron kuwa ɗan siriri ne kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ganyenta sirara ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, in ka tsinke ɗaya sai farin ruwa kamar nono ya ɗigo. Ba ta son rairayin fadama, ba ta son taki, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Wurinta kan tudu, cikin tsakuwa da jar marmara, inda ruwa ke zuba ya wuce abinsa. Duk dukiyarta a ƙasa take: saiwa mai faɗi kamar ƙoƙon da aka kife, bawo ruwan ƙasa, ciki fari fat. Da rani karan ya bushe ya karye, iska ta tafi da shi, ko ka taka kanta ba za ka sani ba. In damina ta yi nisa kuma ciyawa ta rufe ta. Kwanaki kaɗan ne a shekara take nuna kanta, bayan ruwan farko, ƙasa tana tsirara tukuna. Lokacin take fito da fure, tun ganye bai gama buɗewa ba, 'yan ƙanana masu kunne biyar kamar tauraro, ja-ja da sirkin shuni. Wanda bai gan ta a kwanakin nan ba, sai baɗi.

A shekarar da nake tunawa anasara ke mulki, kumandan, wato babbansu na yankin, yana zaune a bariki nan Dutsi, ba a daɗe da daina kama mutane aikin dole ba. Mu muna wani ɗan ƙauye gabas da Kiyeshe, a gindin tudu. Mu biyar ne a gida: Baba, Inna, kakata Dije uwar Baba wadda muke ce wa Iya, ni Kulu, sai Hajo mai bi mini, wadda shekara ɗaya na ba ta amma bakinta ya girme ni.

Iya tana da gonar rojiya. Haka take kiranta, gona, ko da yake ba kunya ba shinge. Wani ɗan fili ne na tsakuwa a saman tudun bayan gari, tsakanin sabara da geza, inda mutane ba su hawa don an ce wata doguwa, wato aljana, ke zaune can. Uwar Iya ce ta fara shuka ta bayan wata yunwa da ta cinye mata 'ya'ya biyu, Iya ta ɗora a kai. Ƙa'idar kuwa, mace ɗaya ake nuna wa a gida, ita ma in lokaci ya yi ta nuna wa ɗaya. Ko Baba bai san wurin ba. Iya ba ta haifi mace ba, saboda haka a daminar da na fara ɗaura zane a ƙirji ta ce in ɗauko dagi, sandar tono mai bakin ƙarfe, in biyo ta. Muna hawa tana haki ta ce:

"Ke niz zaɓa. Ba don kin hi Hajo hankali ba, kada kanki shi kumbura. Don kin hi ta shiru."

Shekara uku ina bin ta, na koyi aikin bi da bi. Da kaka, in 'ya'yan sun fito, ƙahoni biyu sirara kamar na barewa, mukan ɗaure su da zare kafin su fashe, don irin yana da farin gashi kamar audugar rimi, iska na taɓa shi ya tafi. Mu adana shi cikin ɗan gora da toka. Da ruwan farko mu tura shi cikin tsagar marmara a inuwar sabara, mu rufe da tsakuwa. Shi ke nan, ba ban ruwa, ba noma. Sai ta shekara huɗu saiwar take kai dunƙulen hannu. Duk wadda ta yi fure sai mu kafa mata jan tsingaro, guntun fasasshiyar tukunya, taƙi ɗaya gabas da gindinta, don a same ta lokacin da ba a ganinta. Ba a kuma tono sai wuya ta yi wuya. In za a tona, Iya ta zuba wa doguwa ɗan farau-farau a kan dutse ta gaishe ta, sannan a buɗe gefe ɗaya da dagi, a sa wuƙa a yanke ƙasan saiwar, a bar kan da tsoka kaurin yatsa biyu, a shafa toka a wurin yankan, a mayar da tsakuwa. Bayan 'yan shekaru sai ta sake cika.

"Wanda yac ci kai," in ji Iya, "abincin jikanai yac ci."

To, sai Arzika. Ɗan gidan maƙera ne a garinmu, amma ya tafi Dutsi yana aiki a garkar kumandan, wato lambunsa, yana jan ruwa yana ba tumatir da ganyen salati. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, tsagen Arewa ya kwanta a kumatunsa kamar da alƙalami aka ja shi. In ya yi dariya sai in ji kamar an buɗe ƙofar ɗaki mai duhu. Duk Lahadi, ranar da anasara ba su aiki, yakan tako da ƙafa tun asuba ya zo gida, ya gaida Iya da goro, su yi ta tsokanar juna, tana ce masa mijina malalaci mai noma da bokiti. Kowa ya san da ni ake. An ce in an yi kaka manya za su shiga maganar.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Rairayi ya ƙi takuwa da rana, kaji suna buɗe baki a gindin randa, igiyar rijiya sai da aka ƙara mata gaba biyu. Hatsin bara bai yi kyau ba, rumbunmu ya riga ya yi ƙasa, in Inna ta leƙa sai mu ga ƙafafunta kawai. Da ruwan farko ya sauka gari duka ya fita. Baba yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna takewa da diddige, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga har cikin kai. Kwana uku muka gama. A rana ta biyar ni da Iya muka hau tudu da sassafe, muka tarar gonar ta yi fure gaba ɗaya, irin wanda Iya ta ce ko ita ba ta taɓa gani ba.

Ranar Lahadi ce. Da hantsi ina dawowa daga rijiya Arzika ya tare ni a gindin gawo. Ya cire hularsa, ya ciro wani jan fure babba daga ciki ya miƙo mini.

"Mi za ni yi da shi?" na ce. "Miya?"

"Haka anasara ka yi. Namiji shi ba macen da yaka so hure, ta sa ga hanci."

"Sannan ta ƙoshi?"

"Ke dai baƙauya ta. Ku nan mi kunka sani na hure in ba na kabewa ba?"

Wasa yake yi, amma maganar ta soke ni. Bayan haka kuma zuciyata ta daɗe tana neman abin da za ta ba shi wanda babu budurwar da za ta iya, ko ta ƙauye ko ta Dutsi. Ba ni da zobe, ba ni da turare. Abu ɗaya nake da shi a duniya, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Na ajiye tulu na ce in ya rantse zan nuna masa furen da matar kumandan ba ta taɓa gani ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya ɗora a harshe.

"In na hwaɗa ma wani, ƙarhe shi ci ni."

Ɗan maƙera ya rantse da ƙarfe, me ya rage? Muka zaga ta kwazazzabo don kada a gan mu, muka hau da rana tsaka. Da muka ratsa sabara muka fito fili sai ya tsaya cik. Tsakuwa ja, furanni a warwatse a kanta ko'ina, kamar taurari sun sauko shan inuwa sun manta hanyar komawa. Ya tsuguna. Ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa a hankali, ni kuwa na ji kamar kuncina ya taɓa.

"Tsingaron ga hwa, na mi ne?"

Na gaya masa.

"Sun kai nawa?"

Na ce sun fi yatsun hannu da na ƙafa na mutum biyar. Ya tambayi zurfin saiwar, na nuna masa da hannu. Ya tambayi yadda ake shuka ta, na zayyana masa duka, zaren da tokar da barin kai, har da cewa ruwa in ya yi mata yawa ruɓewa take yi. Ina magana ina jin daɗin muryata, don karon farko ke nan da na san abin da bai sani ba. Ya tsinki fure ɗaya ya sa a hula inda nasa ya fito.

"Kulu," ya ce, "kin hi matar kumandan garka."

A littattafan soyayya da nake karantawa tun da na koyi boko a ajin manya da furfurata, a irin wannan wuri ne ake cewa tsuntsaye sun rera waƙa. Ni ban ji tsuntsu ba. Tambayoyinsa na ji, na ɗauke su so.

Daga ranar ruwa ya ɗauke. Hatsin da ya tsiro ya naɗe ya yi fari, ya kwanta. Aka samu yayyafi aka sake shuka, iska mai zafi ta binne tsiron da rairayi. Shuka ta uku Baba ya yi ta da irin da Inna ta so ta daka mana, sai da suka yi kwana biyu ba su yi wa juna magana ba. Aka share rumbu da tsintsiya. Furar rana ta koma ruwa mai launin fura, tuwon yamma ya koma kunu, kunun ya koma na dusa. Inna tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta suka fara kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna.

Sai muka koma ga anza, itacen dajin nan da ake cin 'ya'yansa lokacin yunwa. Tun kafin rana ta fito mata ke fita ayari-ayari da ƙwarya, mu tsinko 'ya'yan, mu dawo mu murje, mu fitar da ƙwayar, mu jiƙa a tukwane. Kullum a zubar da ruwan a sa sabo, har kwana shida ko bakwai, don ɗacinta in bai fita ba yana kayar da mutum. Ko ya fita, sai ka ji shi a maƙogwaro har washegari. Hannuwanmu suka yi kaushi da jan guga. Can ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfi kuwa, ba ya kwana uku bai sauka ba. Gonaki suka yi kore shar, kwaɗi suna kuka a tabki, tafasa da gasaya suka fito muka samu na dafawa. Wanda bai yi yunwar damina ba ba zai gane ba: lokacin da duniya ta fi kyau, lokacin ciki ya fi kuka. Baba yakan ɗaure cikinsa da rawani ya kama hauya, ya yi kunya biyu ya zauna, ya tashi ya yi ɗaya.

Duk wannan lokaci Arzika bai fasa zuwa ba. Ya zo da sabuwar rigar kaki mai aljihu biyu. Wata Lahadi ya kawo 'yar shinkafa cikin gwangwani, Iya ta yi ta sa masa albarka, ta ce ashe noman bokiti ma yana da rana. Ya zauna a tabarmarmu ya ci dafaffiyar tafasarmu. Na lura ba ya iya daɗewa yana duban idona. Na ce kunya ce ta mai shirin aure, har na ƙara son sa saboda ita.

Ranar da Inna ta tashi za ta ɗauki tulu ta faɗi, Iya ta dube ta ta dubi gonar bayan gida, inda hatsi bai ko fara ciki ba. Da gari ya waye ta ce:

"Kulu, ɗauko dagi. Mu tai mu gaida mutanen bisa."

Na ɗauko da kwando ina murna. Ina ta hango Inna tana gatsar rojiya. Muka ratsa sabara, raɓa ta jiƙa mana zane, muka fito fili.

Ramuka ne. Rami a nan, rami a can, har ƙarshen filin. Ruwa ya zaizaye bakinsu, ciyawa ta tsiro a cikinsu, ka san ba tonon jiya ba ne. An tara tsingaron a gindin geza kamar shara. Ga busasshen kashin jaki. Iya ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta sa hannu a ramin farko tana lalube ko an bar kai. Ta ja gwiwa zuwa na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa da yunwa a cikinta, gwiwoyinta suna jini a kan tsakuwa, ni ina tsaye dagi ya yi mini nauyi. Da ta gama ta zauna ta kakkaɓe hannu.

"Ba dila ba na. Ba makiyayi ba na, makiyayi guda yaka tona shi wuce. Wanga ya san tsingaro." Ta ɗago ta dube ni. "Mu biyu munka san tsingaro."

Na zube a gabanta na faɗi duka. Ina kuka ina cewa, "Ya rantse, Iya. Da ƙarhe ya rantse."

"Ke hwa, na sa ki rantsuwa?"

"A'a."

"Ban sa ki ba. Na ɗauka ba a sa jini rantsuwa."

Ba ta ƙara ba. A hanyar sauka ta yi ta tsinkar tafasa tana cika kwandon, don kada wani ya ga mun dawo da shi wayam ya yi tambaya.

Ranar Juma'a na bi mata masu zuwa kasuwar Dutsi. Tafiyar da nake yi ba hutu, ranar sai da na zauna sau huɗu, idona yana ganin duhu-duhu. Ban shiga kasuwa ba, na zarce bayan bariki inda garkar take. Ta kan shinge na hango shi yana ban ruwa. Ya gan ni, ya ajiye bokitin, ya fito yana murmushi, murmushin ya mutu kafin ya iso.

"Ina rojiyar Iya?"

Ya waiga hagu da dama, ya ja ni inuwar wata bishiyar bedi. Ya ce akwai wani anasaran aikin gona, mai yawo da akwati yana matse ganyaye cikin takarda, ya daɗe yana cigiyar saiwar da makiyaya ke ci. Shi dai furen hularsa kawai ya nuna masa. Anasaran ya kusa yin rawa, ya ba shi jakai biyu da mutum biyu, ya ce a kawo su da ransu, da kai da komai, za a dasa a nan a yawaita iri a raba wa ƙasa duka saboda yunwa.

"Don a taimaki talakawa na, Kulu. Har da ku."

"Suna ina?"

Ya nuna da haɓa. Wasu fangali ne guda huɗu cikin garkar, baƙar ƙasa mai taki, jiƙe sharkaf, an kafa 'yan sanduna da takardu a kai. Babu ko tsiro ɗaya. Ya ce an dasa su a jere, ana ba su ruwa safe da yamma. Kafin mako biyu suka ruɓe, wari ya hana matar kumandan zama a barandarta, aka kwashe aka zuba a rami. Anasaran ya tsira da fure ɗaya cikin takarda da saiwa ɗaya cikin kwalba.

"Na hwaɗa maka ba ta son ruwa."

"Ni ma na hwaɗa mishi. Ya ce shi yay yi karatun itace, ba ni ba."

"Wa ka zuba ruwan?"

Ya waiga wajen bokitinsa.

"Arzika, wa ka zuba ruwan?"

"Aikina na, Kulu."

Da hannunsa. Safe da yamma, kwana goma sha huɗu, yana sane. Sannan Lahadi ta yi ya wanke hannun ya zo ya karɓi albarkar Iya.

"Ko guda ba ka bari ba."

"Ya ce duka. Kuma, tsakani da Allah, ciyawar daji ta. Allah yas shuka ta."

"Iya tas shuka ta. Da uwarta. Da ni."

Sai ya sassauta murya, irin muryar nan tasa. Ya ce anasaran ya yaba da shi, zai tafi da shi Yamai mako mai zuwa a cikin kamyo, babbar motar kaya, a ba shi garka tasa. Da kaka zai dawo da buhun shinkafa da zannuwa a yi bikinmu, ya saya wa Iya abin da ya fi rojiya. Ya kama wuyan hannuna. Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa: zuciyata marar kunya ta buga. Na fizge hannuna, amma ban fizge da saurin da ya kamata ba.

Na dawo gida bayan la'asar. Iya ba ta tambaye ni inda na je ba, ba ta kuma gaya wa kowa abin da na yi ba. Tana yi mini magana kamar kullum, kawo wancan, kai wannan. Tsokana ce kawai ta daina. Kwana biyu bayan haka, da sassafe, muna tsakar gida, ta ɗaura ɗankwali ta ce:

"Hajo, ɗauko dagi."

Hajo ta dube ni. Ni na dubi ƙasa.

"Ke Kulu, sauya ma anza ruwa."

Suka fita ta yamma. Bayan azahar suka shigo ta kudu, Hajo da kwando a ka an rufe da tafasa. Iya ta yaye ganyen a ɗakin Inna. Rojiya shida, manya, an yanke su ta ƙasa, farare tas. Ashe akwai wata gonar. Shekara uku ina bin Iya ba ta taɓa ko nuna mini da ido ba.

Inna aka fara ba. Har yau ina jin ƙarar tauna tata, ƙurus ƙurus, ruwan yana bin haɓarta tana tarewa da tafin hannu tana lashewa. Aka raba saura. Rabona bai fi na kowa ƙanƙanta ba, Iya da kanta ta miƙo mini, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Duk bayan kwana uku suke fita, kullum ta wata hanya dabam. Hajo mai bakin nan, wadda ba ta iya riƙe labarin kazar maƙwabta, ta rufe bakinta gam. Da rojiyar nan da anza da ganye muka ja har hatsi ya yi tumu. Ranar da Baba ya karyo zangarniyar farko aka gasa, Inna tana zaune da jaririnta a cinya, ta sauka lafiya.

Kaka ta zo, aka ɗaure damma, aka yi kiɗa. Arzika bai zo ba. Na tsaya a bakin hanya duk ranar da aka ce kamyo zai wuce. 'Yan ci-rani in sun dawo sai in san yadda na yi na gaishe su. Wani ya ce ya gan shi a Yamai, wani ya ce ya gangara Kwatano, wani ya ce ya yi aure can har da 'ya'ya. Na tsane shi, Allah ya sani, babu ranar da ban tsine wa rigar kakin nan ba. Amma ban daina tambaya ba. Iya ta rasu bayan shekara uku ba ta sake ce mini in ɗauko dagi ba. Na yi aure nan Dutsi, na samu mutumin kirki, muka haifi bakwai, ya rigaye ni.

Shekaru da yawa bayan haka, mu duka mun yi jikoki, aka aiko mini Hajo ba lafiya. Na tafi ƙauye jinyarta, farkon damina. Wata rana da hantsi ina shafa mata man shanu a ƙafa na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Na ce ba don in tona ba, in dai ga furen sau ɗaya kafin in mutu.

Ta ɗago kai ta ce:

"Iya ta bar saƙo, Yaya. Ta ce in kai ki da kaina, in gwada miki kowane tsingaro, ran da shekara guda taz zagayo ba ki tambayi kowa labarin Arzika ba. Guda tak. Tun ran nan nika ƙirga."

Na ce ai na daɗe da dainawa.

"Bara saura wata biyu. Sai direban nan yaz zo daga Kwatano gaisuwar mutuwa, na jiya ki bayan zana."

"Gaisuwa ɗai niy yi."

"Kin ce mishi, ko ya san wani tsoho ɗan Arewa mai aikin garka."

Na sunkuyar da kai ina murza ƙafarta. Can na ce to, a fara ƙirga daga yau, wallahi daga yau. Hajo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke kina da shekara, Yaya. Ni ba ni da ita."

Ba ta ga tumun shekarar ba. Na san ba ta tafi da sirrin ba, Hajo ba za ta yi wa Iya haka ba. Wadda ta nuna wa tana nan cikin danginmu, tana zuwa gaishe ni duk salla, ta durƙusa har ƙasa, ban san ko wace ce ba.